Abin da ya koro talakan Ingila ya faɗa teku

A watan Mayun 1607 wasu jiragen ruwa uku suka kutsa cikin wani kogi a gaɓar gabashin Amurka ta Arewa, suka sauke mutum 104 a wata fadama mai sauro, suka raɗa wa wurin suna Jamestown don girmama sarkinsu, James na ɗaya. Shi ne mazaunin Turawan Ingila na farko da ya ɗore a Amurka. A cikin waɗannan makonni dai, can gida a tsakiyar Ingila, dubban manoma da 'yan ƙodago sun fito da shebur da gatari suna tuge shingayen da masu ƙasa suka kewaye gonaki da makiyaya da su. Ɗaya daga cikin jagororinsu, John Reynolds, yana yawo da wata jakar fata a rataye, yana ce wa mabiyansa abin da ke cikinta zai kare su daga kowane irin sharri. Ranar 8 ga Yuni, a ƙauyen Newton na lardin Northamptonshire, masu ƙasa da yaransu suka auka wa masu boren a kan dawakai, aka kashe mutum 40 zuwa 50. Da Reynolds ya shiga hannu aka buɗe jakar tasa, guntun cuku aka tarar a ciki, har ya yi fumfuna. Rataye shi aka yi.

Galibi akan raba waɗannan labarai biyu. Na jiragen ruwa a sa shi a babin jarumai masu gano sababbin ƙasashe, na shingaye kuma a babin noma, in ma an tuna da shi. Ni a ganina labari ɗaya ne. Wanda yake son sanin yadda wani tsibiri mai sanyi, wanda a 1500 ba ya cikin manyan ƙasashen Turai, ya wayi gari da jirage a kowane teku, to ya fara leƙa tukunyar talakan ƙasar kafin ya je bakin ruwa.

Jama'a ce ta fara yawa. Wajen 1540 mutanen Ingila ba su kai miliyan 3 ba. Zuwa 1600 sun haura miliyan 4, zuwa 1650 sun haura miliyan 5. Ƙasar noma kuwa tana nan yadda take, dabarun noman ma ba su canja sosai ba. Bakuna suka ƙaru, hatsi ya yi tsada ninkin-ba-ninkin, hannayen neman aiki suka yi yawa har lada ya karye. Abin da ladan yini yake saya wa lebura a farkon ƙarni na 17 bai wuce kusan rabin abin da yake saya wa kakan kakansa a 1500 ba. Sarki Henry na takwas ya ƙara dagula lissafi a shekarun 1540, lokacin da ya riƙa gauraya tagulla cikin kuɗin azurfa don ya biya bashin yaƙi. Landan ita ce ta kwashi rarar mutanen: daga kimanin dubu 50 ko 60 a farkon ƙarni na 16 ta kai wajen dubu 200 a 1600, duk da cewa masu mutuwa a cikinta sun fi waɗanda ake haifa. 'Yan ƙauye ne ke cike gurbin kullum.

Gidan leburan ƙauye ɗaki ɗaya ne ko biyu, na itace da yumɓu, rufin ciyawa, daɓen ƙasa. Murhu a tsakiya, hayaƙi na neman hanyarsa ta rufin, sai daga baya bututun hayaƙi ya fara yaɗuwa. Abinci burodi ne, na alkama ga mai hali, na sha'ir ko wani baƙin hatsi mai jure sanyi ga mara shi, in shekara ta yi muni a haɗa da garin wake. Sai faten wake da albasa da kabeji, sai cuku, sai wata giya mara ƙarfi da yaro da babba ke sha da abinci. Ladan yini wajen 1600 kwabo takwas ne ko kusa da haka, kuma dokar 1563 ta ba alƙalan yanki ikon yanke iyakar abin da za a biya, ta kuma ce daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Satumba aiki ya fara da ƙarfe biyar na asuba har bakwai ko takwas na yamma. Wanda yake son sana'a sai ya yi shekara bakwai yana koyo a hannun maigida.

Akwai wata al'adarsu da ke da muhimmanci ga wannan labari. Yaro ko yarinya na kaiwa shekara 14 ko 15, sai a tura shi barance gidan wani manomi, a yi jinga ta shekara guda, ci da kwana a kan maigida, ɗan lada a ƙarshe. Shekara na zagayowa ya sake gida, wani lokaci ya sake ƙauye. Aure kuwa sai an tara abin kafa gida na kai, don ba a zaman gandu. Shi ya sa mace kan kai 25 ko 26 kafin ta yi aure, namiji 27 ko 28, wasu da dama ma ba sa yi sam. To ka ga ƙasa cike da samari da 'yan mata marasa aure, marasa gona, waɗanda suka saba barin gida, suka saba sayar da ƙarfinsu na ƙayyadadden lokaci. Ranar da wani ya zo musu da takardar jinga ta shekara huɗu ko bakwai a hayin teku, ba baƙon abu ya kawo musu ba. Tsawon wa'adin da nisan wurin ne kawai suka ƙaru.

Abin da ke riƙe da talakan ƙauye a da shi ne hurumin gari, filin da kowa ke da haƙƙin kiwon saniyarsa ɗaya ko 'yan dinyoyinsa, ya yi itace, ya yanki ciyawa. Da ulu ya yi daraja, masu ƙasa suka ga tumaki sun fi talakawa riba, don makiyayi ɗaya da karensa sun isa filin da a da yake ɗaukar iyalai da yawa. Suka shiga dasa shinge. Har magana ta bazu a lokacin cewa tumakin Ingila sun fara cin mutane. Gaskiya masana tarihi na yanzu sun nuna filin da aka shinge a ƙarni na 16 bai kai yadda masu kuka suka zuzuta ba, amma inda abin ya faɗa, musamman lardunan tsakiya, ya faɗa da nauyi. A 1549 Robert Kett ya tara mutum wajen dubu 16 a bayan birnin Norwich a kan wannan batu, shi ma ya ƙare a rataye a bangon fadar birnin. Kafin nan, tsakanin 1536 da 1541, Henry na takwas ya rufe gidajen sufayen Kirista sama da 800 bayan ya ɓata da Fafaroma, ya sayar da filayensu ga masu kuɗi. Sadakar da ake rabawa a ƙofofinsu ta tsaya, filayen kuma suka koma hannun mutanen da ke lissafin riba.

Mutumin da ya rasa gona ya hau hanya, hukuma ba ta kallonsa a matsayin mai neman aiki. Ɗan iska take ɗaukarsa, mai hatsari. Dokar 1547 ta ce a yi wa lafiyayyen mai yawon banza lamba da ƙarfe mai zafi, a bautar da shi shekara biyu. Ta yi tsanani har ba ta aiwatu ba, aka soke ta bayan 'yan shekaru. Ta 1572 ta ce a yi masa bulala, a huda masa kunnen dama da jan ƙarfe. Bayan damina huɗu a jere sun lalace, daga 1594 zuwa 1597, har mutane suka mutu da yunwa a arewacin ƙasar, majalisa ta fito da tsarin da aka kammala a 1601: kowace gundumar coci ta karɓi haraji daga masu gida ta ciyar da tsofaffi da marayu da nakasassunta, lafiyayye kuma a ba shi aiki ko a kora shi garinsu da bulala. Daga ranar talaka ya zama nauyi a aljihun maƙwabcinsa mai hali, kuma duk wanda ya zo da shawarar inda za a kai shi zai sami masu saurare.

Wannan ɓangaren masu tafiya ke nan. Masu kuɗin da suka gina jiragen su ma akwai abin da ya koro su. Kusan duk abin da Ingila ke sayarwa waje yadin ulu ne, kuma kusan dukansa ta kasuwa ɗaya yake bi, birnin Antwerp da ke Beljiyam ta yanzu. A 1551 kasuwar ta cushe, yadi ya kwanta, masaƙa a ƙauyuka suka zauna. Daga baya yaƙin Sifaniya da mutanen Holan ya ƙarasa Antwerp ɗin. Yadda gwamnati ta damu da lamarin ana ganinsa a dokokin da suka shiga har cikin kwanon mutane da kawunansu. A 1571 aka ce duk talakan da ya haura shekara shida ya sa hular ulu saƙar Ingila ranar Lahadi da ranakun biki, ko ya biya tarar sule uku da kwabo huɗu, kusan ladan mako guda. A 1563 kuma aka ƙara Laraba a kan Juma'a da Asabar cikin ranakun da ba a cin nama sai kifi. Ƙasar ta riga ta bar ɗariƙar Katolika, saboda haka hukuma ta fito fili ta ce ba don ibada ba ne: ana so masunta su yawaita, don masunci na yau shi ne matuƙin jirgin yaƙi na gobe.

Sifaniya da Fotugal sun riga sun raba duniyar da ke hayin teku tsakaninsu tun 1494. Ingila ta makara. John Cabot ya tashi daga Bristol ya taɓo gaɓar Kanada a 1497, Sarki Henry na bakwai ya ba shi tukuicin fam 10, maganar ta kwanta fiye da shekara 50. Karyewar kasuwar yadi ce ta tashe ta. A 1553 tafiya biyu suka bar Ingila. Ɗaya ta nufi arewa, wai za a zagaya ta saman Rasha a kai Sin. Shugabanta, Hugh Willoughby, ya maƙale a gaɓar ƙanƙara da jirage biyu, shi da mutanensa duka suka mutu a can, masuntan Rasha ne suka tsinci gawarwakin da bazara. Mataimakinsa Richard Chancellor ya tsira, ya kai har Mosko gaban Sarki Ivan na huɗu, ya dawo da izinin ciniki. Ɗaya tafiyar, ta Thomas Wyndham, kudu ta yi, ta sayi zinariya a gaɓar Ghana ta yanzu, ta kai masarautar Benin inda aka yi cinikin masoro da Oba. Zazzaɓi ya kashe Wyndham da wajen mutum 100 cikin 140. Duk da haka masu jarin sun ci riba, kuma wannan lissafin, na gawa da yawa da riba mai kauri, shi za a yi ta maimaitawa.

Tafiyar Rasha ce ta haifi kamfanin Muscovy a 1555, kuma a nan dabarar da ta fi kowace muhimmanci take. Sarautar Ingila ba ta da dukiyar Sifaniya, ba za ta iya ɗaukar nauyin jirage ba. Sai 'yan kasuwa su haɗa jari, kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa, in jirgi ya nutse asarar ta rarrabu, in ya dawo a raba riba daidai hannun jari. Abin da sarki ke bayarwa takarda ce kawai, mai cewa ku kaɗai ke da izinin ciniki a yanki kaza, ku yi doka a can, ku gina ganuwa, ku ɗauki makami. Kamar dai fatake su haɗa ayari, sai dai wannan ayarin sarki ya ba shi izinin yanke hukunci da yin yaƙi. Haka aka yi kamfanin cinikin Turkiyya a 1581, na Maroko a 1585, na Gabashin Indiya ranar 31 ga Disamba 1600, na Virginia, yankin da Jamestown take, a 1606. Mu ma wannan takarda ta iso mu, a makare: irinta ce aka ba Royal Niger Company ta George Goldie a 1886, kuma daga hannun wannan kamfani gwamnatin Birtaniya ta karɓi ragama ranar da Lugard ya ɗaga tuta a Lokoja, 1 ga Janairun 1900.

Kada a ɗauka abin ya tafi sumul. Shekara hamsin ɗin farko yawancinsu asara ce da fashi. Martin Frobisher ya yi tafiya uku zuwa arewacin Kanada tsakanin 1576 da 1578, ya kwaso fiye da tan 1,000 na wani baƙin dutse da aka rantse zinariya ce. Da aka narka, babu komai, aka yi gini da gyaran hanya da shi a Dartford. Mutanen da Walter Raleigh ya tura tsibirin Roanoke na gaɓar Amurka ta Arewa a 1587, sama da 100 har da mata da yara, da aka koma dubansu a 1590 ba a tarar da kowa ba. Inda kuɗi ya fito shi ne wajen ƙwace. John Hawkins ya kwashi mutum wajen 300 daga gaɓar Saliyo a 1562 ya sayar wa 'yan Sifaniya a tsibiran Karebiyan, ribar ta yi daɗi har Sarauniya Elizabeth ta ba shi aron jirginta a tafiya ta biyu. Ɗan'uwansa Francis Drake, wanda ake yabo da zagaya duniya tsakanin 1577 da 1580, azurfar jiragen Sifaniya ya dawo da ita, sarauniya ta karɓi kasonta ta kuma naɗa shi sarauta a kan jirginsa. Gabar Sifaniya ta sa Ingila ta ƙulla da Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta rusa daular Songhai a 1591: yadi na tafiya can, sukari da sinadarin haɗa albarushi na dawowa, jakadansa ma ya yi wata shida a Landan a 1600. Ribar da ba ta da hayaniya kuwa, wadda ba a cika ambata ba, ita ce ta masuntan yammacin Ingila da ke tsallaka teku duk shekara su kamo kifi a gaɓar Newfoundland ta Kanada su busar su sayar a kudancin Turai.

Kamfanin Gabashin Indiya ya tara jarin fam dubu 68 da 'yan kai, ya tura James Lancaster da manyan jirage huɗu a 1601 neman barkono da kanumfari da gyaɗar ƙamshi a tsibiran Sumatra da Java na Indonesiya ta yanzu. Lancaster ya riƙa ba mutanen jirginsa cokali uku na ruwan lemun tsami kowace safiya. Kafin su kai kudancin Afirka, ciwon nan da ke ruɓar da dasashi ya zubar da haƙora ya kwantar da matuƙan sauran jiragen uku, nasa kuwa suna tsaye har suka je suka taya su jan igiya. Abin mamaki, sai da aka yi kusan shekara 200 kafin rundunar ruwan Birtaniya ta mayar da lemun doka. Ran matuƙi ba shi da tsada a lokacin.

Tun 1584 wani malamin coci, Richard Hakluyt, ya rubuta wa sarauniya cewa mallaka a Amurka za ta yi maganin abu biyu a lokaci guda: kasuwar yadi, da wurin zubar da masu zaman banza da suka cika gidajen yari. Virginia ce ta gwada wannan shawara. Hannun jari ɗaya fam 12 da sule 10, fiye da abin da lebura ke samu a shekara, saboda haka mai kuɗi ya zuba kuɗi, mara shi ya zuba jikinsa. Tashin farko ma da yawa cikin waɗanda suka je 'ya'yan manya ne da suka zaci zinariya za su tsinta, ba su iya noma ba. Cikin mutum 104 na farko, 38 ne suka ga Janairun 1608. A hunturun 1609 zuwa 1610, da mutanen Sarki Powhatan, 'yan asalin ƙasar, suka gaji da ciyar da baƙin da ke ƙwace musu masara suka yi musu ƙawanya, mazauna Jamestown suka cinye dawakai da karnuka da ɓeraye da fatar takalma, har da gawa. Wajen mutum 60 suka rage.

Taba ce ta cece su. John Rolfe ya gwada wani iri mai daɗin sha daga kudu a 1612, ya karɓu a Landan. Sarki James ya tsani taba, ya rubuta a kanta tun 1604 cewa tana cutar da ƙwaƙwalwa da huhu, amma da harajinta ya fara shigowa bai mayar ba. Ita kuwa taba hannaye take ci, daga dashe zuwa tsinke tsutsa zuwa shanya. Daga 1618 duk wanda ya biya wa mutum kuɗin jirgi ana ba shi fili eka 50, shi kuma wanda aka kawo ya yi masa aiki shekara huɗu zuwa bakwai ba lada, ana iya sayar da ragowar wa'adinsa ga wani, in ya gudu a ƙara masa shekaru. Hukumar birnin Landan ta tattara yara 100 daga tituna ta tura a 1619, ta sake turawa a shekarar da ta biyo. Kamfani ya kawo 'yan mata don aure, mai so ya biya laba 120 na taba, daga baya 150. Da yawa cikin 'yan jingar ba su kai ƙarshen wa'adinsu ba, zazzaɓi da atini sun riga su. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma a tsawon ƙarni na 17 mutum fiye da dubu 300 ne suka bar Ingila zuwa Amurka da Karebiyan, mafi yawansu da irin wannan takarda a hannu.

Ba duka yunwa ce ta kora ba, a yi adalci. Masu tsananin ra'ayin addini da suka tafi a jirgin Mayflower a 1620, da wajen dubu 20 da suka bi su a shekarun 1630, iyalai ne masu ɗan hali da ke gudun limaman cocin gwamnati. Su ne aka fi ba da labarinsu. Amma a lissafi su ne 'yan tsiraru.

Abin da ya fita ta teku ya dawo ta kasuwa ya shiga rayuwar waɗanda suka zauna. Taba ta yi arha har lebura ya iya sayen cikin lofe na yumɓu a mashayar ƙauye. Sukari, wanda a da sai gidan manya, ya fara sauka. An buɗe shagon shan gahawa na farko a Landan a 1652, kuma a irin waɗannan shaguna ne 'yan kasuwa suka riƙa zama suna cinikin inshorar jirage da hannun jari. A 1663 aka buga sabon kuɗin zinariya da ake kira gini, da sunan gaɓar Afirka ta Yamma inda zinariyar ta fito, wasunsu har da hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki.

Daga tsakiyar ƙarnin kuma sai lissafin farko ya juya. Yawan jama'ar Ingila ya tsaya cik bayan 1650, hatsi ya sauka, lada ya ɗan tashi. Annobar 1665 ta kashe wajen kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Landan, gobarar 1666 ta buɗe aikin gini na shekaru. Saurayin da a da zai sa hannu a takardar jinga ya ga zai iya ci a gida, labarin wahalar gonakin hayin teku kuma ya riga ya iso kowace mashaya. Masu gonakin rake a tsibirin Barbados na Karebiyan, waɗanda suka fara da 'yan jingar Ingila da fursunonin Ayalan a shekarun 1640 da 1650, su suka fara sauya hanya, zuwa 1680 bayi 'yan Afirka sun kusan ninka Turawan tsibirin. Virginia, inda aka sauke 'yan Afirka 20 da 'yan kai daga Angola tun 1619, ta bi sahu daga shekarun 1680. An ba Royal African Company takardar sarki a 1672, ƙanin sarki ne shugabanta, hedikwatarta a gaɓa tana Cape Coast ta Ghana ta yanzu, jiragenta na lodin mutane a Whydah ta Jamhuriyar Benin ta yanzu da Kalaba, ana yi musu lamba da ƙarfe mai zafi da haruffan kamfanin. A 1698 majalisa ta karya babakeren kamfanin ta buɗe cinikin ga duk ɗan kasuwar da zai biya kashi 10 cikin 100, nan da nan jiragen Bristol suka shigo, na Liverpool suka biyo baya.